Ciro Ƙwayoyin Haihuwa Daga Maraina: Tiyatar da Ke Bai wa Wasu Maza Damar Samun Ɗa na Cikinsu

Tiyatar ciro ƙwayoyin haihuwa aiki ne da ake yi wa namijin da aka auna maniyyinsa ba a ga ƙwayar haihuwa ko ɗaya a ciki ba. Maimakon a jira ƙwayoyin su fito ta hanyar da aka saba, sai likita ya bi su har inda jiki ke yin su, wato cikin 'ya'yan maraina, ko inda suke taruwa a bayansu, ya ɗebo su da allura ko ta hanyar ɗan yanka. Abin da aka samo ba a zuba wa mace shi kai tsaye. Ɗakin gwaji ake kai shi a haɗa da ƙwanta, sannan a dasa abin da ya haɗu a mahaifarta. Ke nan tiyatar ba ta warkar da lalurar, kewaye ta take yi.

Likitoci na kiran wannan lalura azosfamiya. Tana samun kusan namiji ɗaya cikin 100, kuma a cikin mazan da ke fama da rashin haihuwa, 10 zuwa 15 cikin 100 ita ce matsalarsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na manya yana gamuwa da matsalar rashin haihuwa a rayuwarsa. A kusan rabin ma'auratan da abin ya shafa akwai hannun namiji a ciki, ko shi kaɗai ko tare da matarsa.

Maniyyi daban, ƙwayar haihuwa daban

Ruwan da namiji ke fitarwa yawancinsa ba daga maraina yake zuwa ba. Wasu 'yan jakunkuna biyu da ke bayan mafitsara, tare da ƙullin furostet da ke ƙarƙashinta, su ne ke samar da kusan dukkansa. Ƙwayoyin haihuwa ba su kai kashi biyar cikin ɗari na yawan ruwan ba. Shi ya sa mai wannan lalura yakan kasance da cikakkiyar sha'awa da ƙarfin saduwa, ruwansa kuma ba a bambanta shi da na kowa a ido, ko ta kauri ko ta launi. Madubin ɗakin gwaji ne kaɗai ke tona asirin. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa a gidaje da yawa ake shafe shekaru ana yawo da mace daga asibiti zuwa gidan mai magani, wani lokaci har a yi mata kishiya, ba a taɓa auna maigidan ba, alhali gwajinsa ya fi nata sauƙi da arha.

A cikin kowane ɗan maraina akwai ɗaruruwan siraran bututu a nannaɗe, kuma a jikin bangonsu ne ƙwayoyin haihuwa ke tsirowa. Kowace ƙwaya tana ɗaukar kimanin wata biyu da rabi kafin ta kammala. Daga nan sai ta wuce cikin wani murɗaɗɗen bututu da ke manne a bayan ɗan marainan, mai suna efididimis, wanda in an warware shi tsawonsa zai kai kimanin mita 6. A cikinsa ƙwayar ke nuna, ta koyi iyo, ta jira lokacin fita. Sai babban bututun maniyyi ya ɗauke ta ya haura da ita cikin mara, inda take haɗuwa da sauran ruwan. Duk wannan aiki yana tafiya ne bisa umarnin sinadaran da wani ɗan ƙulli a ƙasan ƙwaƙwalwa ke saki cikin jini, tare da sinadarin testosteron da marainan da kansu ke samarwa. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021, ƙaramin adadin da ake ɗauka daidai shi ne ƙwayoyi miliyan 16 a kowace mililita ta maniyyi.

Toshewar hanya ko gazawar maraina

Rashin ƙwayoyi a maniyyi iri biyu ne, kuma rarrabe su shi ne aikin farko na likita, domin komai a kansa ya rataya.

A iri na farko maraina suna aikinsu lafiya lau, amma hanyar fita ta toshe. Ciwon sanyi da ba a yi maganinsa da kyau ba yana iya barin tabo a cikin efididimis ya liƙe ta, haka ma tarin fuka idan ya sauka a al'aura. Tiyatar ƙaba ko gwaiwa, musamman wadda aka yi tun ana yaro, kan ji wa babban bututun rauni. Akwai waɗanda da niyya aka ɗaure musu bututun don tsayar da haihuwa, daga baya suka sauya shawara. Akwai kuma waɗanda aka haifa babu bututun gaba ɗaya a ɓangarorin biyu. Kimanin kashi 40 cikin 100 na masu lalurar suna cikin wannan rukuni.

A iri na biyu, wanda ya fi yawa kuma ya fi wuya, hanya a buɗe take amma marainan ne ba sa yin ƙwayoyin, ko kuma suna yin kaɗan ƙwarai da ba sa isa su fito. Daga cikin dalilai akwai marainan da ba su sauko cikin jakarsu ba tun haihuwa kuma ba a gyara da wuri ba, da murɗewar ɗan maraina da ta tsayar da jini, da hangum idan ya kama babba ya kumbura masa maraina biyu, da magungunan cutar daji da gashin da ake yi mata. Akwai kuma dalilan gado, kamar lalurar Klinefelter, inda ake haifar namiji da kuromosom 47 maimakon 46, abin da ke faruwa ga kusan ɗaya cikin jarirai maza 600, da kuma gutsurewar wani ɓangare na kuromosom ɗin Y. A wurin mutane da yawa kuwa, duk binciken da aka yi ba a gano dalili.

Bincike kafin a ɗauki wuƙa

Gwaji ɗaya ba ya isa a yanke hukunci. Ana auna maniyyi aƙalla sau biyu, da tazarar makonni, kuma sai an juya shi a injin da ke tara duk abin da ke cikinsa a gindin kwalba, an duba da kyau. Wani lokaci a nan ake tsintar 'yan ƙwayoyi da za su wadatar, a huta da tiyata. Likita zai tattaɓa maraina ya ji girmansu da taurinsu, ya lalubi babban bututun ya tabbatar yana nan, sannan a auna sinadaran jini. Maraina masu cikakken girma tare da sinadarin umarni na FSH daidai suna nuni ga toshewa. Ƙananan maraina masu laushi tare da FSH da ya hau suna nuni ga gazawa, domin ƙwaƙwalwa ce ke ta ƙara umarni ba a amsa mata.

Binciken yana kuma fito da waɗanda ba sa bukatar wannan tiyata sam. Wanda ƙwaƙwalwarsa ce ba ta sakin sinadaran umarni, allurai na tsawon watanni, wani lokaci har shekara biyu, kan sa ƙwayoyi su bayyana. Wanda ke amfani da allurar testosteron ko magungunan gina tsoka, su ne ke kashe aikin marainansa, kuma yawanci yakan farfaɗo cikin watanni bayan ya daina. Wanda ciwon sukari ko wata tiyata ta sa maniyyinsa ke komawa cikin mafitsara, ana iya tace ƙwayoyin daga fitsarinsa. Wasu masu toshewa kuma ana iya ɗinke musu bututun ko a buɗe inda ya liƙe, su koma haihuwa ta hanyar saduwa. Wannan yakan fi dacewa idan matar tana da sauran ƙuruciya kuma suna son 'ya'ya da yawa.

Allurar da ta ba tiyatar amfani

An haifi Louise Brown, jaririyar farko da aka haɗa ƙwanta a ɗakin gwaji, a garin Oldham na Ingila ranar 25 ga Yuli, 1978. Amma dabarar wancan lokaci ita ce a zuba dubun dubatar ƙwayoyi masu iyo a kewayen ƙwai, a bar su su huda shi da kansu. Ƙwayoyin da aka ciro da tiyata ba su da yawa kuma ba su da kuzarin yin haka. A 1988 Dokta Sherman Silber na Amurka da abokan aikinsa sun ba da rahoton samun ciki da ƙwayoyin da suka zuƙo daga efididimis na mazan da aka haifa babu babban bututu, sai dai nasarar ba ta da yawa.

Lamarin ya sauya ne a 1992 a birnin Brussels na ƙasar Beljiyam, inda Gianpiero Palermo, a cibiyar da André Van Steirteghem ke jagoranta, ya fito da dabarar da ake kira ICSI. Ana riƙe ƙwai da ɗan bututun gilashi, a ɗauki ƙwayar namiji guda ɗaya tak cikin allurar gilashi da ta fi gashi siranta nesa ba kusa ba, a soka ta har tsakiyar ƙwan. Daga nan bukata ta sauko daga miliyoyi zuwa ƙwaya ɗaya mai rai ga kowane ƙwai, kuma ba lallai ta iya iyo ba. Cikin 'yan shekaru aka tabbatar cewa ko ƙwayar da aka ciro daga tsokar maraina, wadda ba ta taɓa bi ta efididimis ba, tana iya samar da lafiyayyen jariri.

Hanyoyin ciro ƙwayoyin

Hanyoyi biyar ne suka fi shahara, kuma an san su da gajerun sunayensu.

PESA ita ce mafi sauƙi. Bayan allurar kashe zafi, likita zai riƙe efididimis tsakanin yatsunsa, ya soka siririyar allura ta cikin fata ya zuƙo ruwa. Babu yanka, babu ɗinki, kuma ba ta cika wuce rabin sa'a ba. Masu toshewa kaɗai take yi wa amfani, tunda a wurinsu ne efididimis ke cike da ƙwayoyi. Abin da take samarwa bai cika yawa ba.

MESA ita ma ta masu toshewa ce, amma a nan ana yanka jakar maraina, a duba efididimis da madubin tiyata, a zaɓi bututun da ya cika ya batse, a huda shi a zuƙo. Tana bukatar allurar barci ko ta kashe rabin jiki da kuma gwanin hannu, amma tana ba da miliyoyin ƙwayoyi masu kyau, waɗanda za a raba a daskarar, ta yadda tiyata ɗaya kan wadatar da duk ƙoƙarin da za a yi nan gaba.

TESA allura ce da ake sokawa cikin ɗan marainan kansa, a zuƙo ruwa haɗe da 'yan zaruruwan bututu. Ana komawa gare ta idan PESA ba ta ba da komai ba, ko ga wanda ya kasa fitar da maniyyi a ranar da aka ciro ƙwan matarsa, ko wasu masu raunin laka.

TESE kuwa yanka ce ƙarama da ake yi a jikin ɗan maraina a gutsuro 'yar tsoka, daga wuri ɗaya ko wurare da yawa. Ga mai toshewa ko'ina aka taɓa za a samu. Ga mai gazawa sa'a ce, domin likita ba ya ganin inda ya kamata ya yanka.

Wannan matsala ce ta haifar da hanya ta biyar, micro-TESE, wadda Dokta Peter Schlegel na Jami'ar Cornell da ke New York ya bayyana a 1999. Tushenta shi ne cewa marainan da suka gaza ba lallai su gaza ko'ina ba. Lamarin kamar gona ce a shekarar fari: yawancinta ta ƙone, amma in an zaga ta sosai akan iske wani ɗan kwari da ya riƙe laima har 'yan karare suka yi zangarniya. Likita yana buɗe ɗan marainan da faɗi, ya duba cikinsa da madubi mai ƙara girma sau 15 zuwa 25. Bututun da babu komai a ciki sirara ne, haske yana ratsa su; waɗanda ke ɗauke da ƙwayoyi sun fi kauri da fari. Su yake tsinkowa ya miƙa wa ma'aikacin ɗakin gwaji ya duba nan take. In an samu sai a tsaya, in ba a samu ba a ci gaba, har a koma ɗaya ɓangaren. Aikin na iya cin sa'a biyu ko uku ƙarƙashin allurar barci. Fa'idarsa ita ce tsokar da ake cirewa kaɗan ce, kuma ana ganin jijiyoyin jini a kauce musu. A yau ita ce hanyar da ƙwararru suka fi zaɓa wa masu gazawar maraina.

Aikin ɗakin gwaji da rabon uwargida

Rabin nasarar yana hannun masu ɗakin gwaji. Su ne ke tsattsaga tsokar, wani lokaci su narkar da ita da sinadari, su yi sa'o'i suna neman ƙwayoyi ɗai-ɗai a cikin dubban ƙwayoyin jini da na tsoka. Ƙwayar maraina ba ta cika iyo ba, ɗan motsin wutsiya ne ke nuna tana da rai. Abin da aka samu ana iya amfani da shi a ranar, ko a daskarar da shi cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, inda zai iya zama shekaru. Wasu cibiyoyi sun fi son a fara yi wa miji tiyata a adana, don kada a wahalar da matar sannan a tarar babu komai. Wasu kuma suna haɗa ranar, saboda ƙwayoyin da ba su da yawa ba duka ke tsira daga daskarewa ba.

Ko da lafiyarta ƙalau, matar ce ke ɗaukar mafi nauyin jinyar. Za ta yi kwana goma zuwa goma sha biyu tana karɓar allurai don ƙwai da yawa su nuna lokaci guda, sannan a zuƙo su da allura. Bayan an haɗa, ana renon su kwana uku zuwa biyar, a dasa ɗaya ko biyu a mahaifa, a adana saura. Kimanin mako biyu bayan dashen ake gwajin ciki.

Gwargwadon nasara

Ga masu toshewa, kusan kowa ana samun ƙwayoyinsa. Ga masu gazawa, micro-TESE tana samowa a wurin kusan rabinsu, tsakanin 40 da 60 cikin 100, kuma masu lalurar Klinefelter ma ba su yi nisa da wannan adadi ba. Babu gwajin jinin da ke faɗin sakamako tabbas, ban da na kuromosom ɗin Y. Idan ɓangaren da ake kira AZFa ko AZFb ne ya ɓace gaba ɗaya, ba a samun komai, don haka ba a ma yin tiyatar. Idan AZFc ne, akan samu a wurin rabi ko fiye.

Samun ƙwaya ba shi ne samun jariri ba. Ba kowane ƙwai da aka soka ke haɗuwa ba, ba kowane da ya haɗu ke girma ba, ba kowane dashe ke kamawa ba. Abin da ya fi tasiri a wannan mataki shi ne shekarun matar: dama tana fara raguwa sosai bayan 35, ta yi ƙasa ƙwarai bayan 40. Saboda haka jinkirin da namiji ya yi kafin ya yarda a auna shi, matarsa ce ke biyan kuɗinsa da ƙwanta.

Illoli da jinya

Yawanci a ranar ake komawa gida. Ciwo da kumburi na 'yan kwanaki abu ne da ake sa rai, kuma maganin ciwo, ɗora ƙanƙara da sa ɗan kamfai mai riƙe maraina suna wadatarwa. Bayan tiyata mai yanka akan hana ɗaukar kaya mai nauyi, hawa babur ko keke, da saduwa har mako biyu ko fiye. Taruwar jini a jaka da shigar ƙwayoyin cuta suna faruwa jefi-jefi. Zazzaɓi, mugunya, ko kumburin da ke ƙaruwa alamu ne na a koma asibiti ba tare da jinkiri ba. Testosteron kan sauka bayan tiyatar tsoka, ya dawo cikin watanni, sai dai ga masu ƙananan maraina, musamman masu Klinefelter, yana iya daɗewa ko ya ƙi dawowa daidai, don haka ake bibiyar su da gwaji. Idan za a maimaita, akan jira kimanin wata shida marainan su warke.

Abin da ɗa kan gada

Yawancin 'ya'yan da aka samu ta wannan hanya lafiyayyu ne, amma akwai abubuwan da ya wajaba a sanar da ma'aurata tun farko. Mai gutsurarren AZFc zai gadar da shi ga duk ɗa namiji da ya haifa, wanda shi ma mai yiwuwa ya gamu da matsalar haihuwa. 'Ya'ya mata ba sa ɗauka. Yawancin waɗanda aka haifa babu babban bututu suna ɗauke da gurɓataccen gadon da ke jawo cutar sistik faiburosis, mai toshe huhu da majina mai kauri, wadda ta fi yawa a tsakanin Turawa. Dole a auna matar, domin in ita ma tana ɗauke da shi, jaririn na iya kamuwa da cikakkiyar cutar. Haɗarin haka ya fi girma a auren zumunci.

Nasaba, addini da inda ake yi

A ƙasashen Yamma, wanda ba a samu ƙwayoyinsa ba akan ba shi zaɓin karɓar maniyyin wani. A wurin malaman Sunna wannan ƙofa a rufe take, saboda tsare nasaba. Fatawar da Muftin Masar na lokacin, Sheikh Jadul-Haƙƙ Ali Jadul-Haƙƙ, ya bayar a 1980, da matsayar Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi a taronta na Amman a 1986, sun halatta haɗa ƙwai a ɗakin gwaji da sharaɗin ƙwayar ta miji ce, ƙwan na matarsa ne, kuma a mahaifarta za a dasa. Malamai sun ƙara da cewa sai igiyar aure tana nan, don haka ba a amfani da abin da aka daskarar bayan saki ko rasuwar miji. Wannan ya sa tiyatar ciro ƙwayoyi ke da nauyi na musamman ga Musulmi, tunda ga mai gazawar maraina ita ce kaɗai hanyar samun ɗa na cikinsa. A ɓangaren Kirista, Cocin Katolika ba ta amince da haɗa ƙwai a wajen jiki ba, yayin da majami'u da dama suka yarda da shi tsakanin miji da mata.

A Najeriya ana haɗa ƙwai da dasa shi a cibiyoyi masu zaman kansu a manyan birane, musamman Legas da Abuja, da wasu asibitocin gwamnati kamar Asibitin Ƙasa na Abuja. Hanyoyin allura sun fi samuwa, micro-TESE kuwa sai inda akwai madubin tiyata da likitan mafitsara da ya ƙware a kanta. Kuɗin yana da yawa, kuma yawanci daga aljihu ake biya, ga shi na tiyata daban, na allurai da haɗa ƙwai daban, na adanawa daban. Kafin a amince, ya kamata ma'aurata su san wane irin rashin ƙwayoyi ne ke damun mijin, wace hanya za a bi kuma don me, ko cibiyar tana daskarar da abin da ya rage, yadda take tsare samfurin kowa daga cakuɗuwa da na wani, da abin da za a yi idan ba a samu komai ba. Ga waɗanda aka bincika marainansu biyu da madubi ba a dace ba, maimaitawa ba ta cika sauya sakamako ba, kuma har yanzu dabarun tsirar da ƙwayoyin haihuwa daga ɗanyun ƙwayoyin halitta ba su wuce matakin bincike ba. Abin da ya rage wa irin waɗannan ma'aurata shi ne kula da lafiyar mijin, musamman ma'aunin testosteron ɗinsa, da shawarar ƙwararru, da zaɓin riƙon ɗan dangi ko maraya.